Hannaye Biyu a Ƙirjin Riga

Nima, Ankara
9 ga Afrilu, 1961

Zuwa ga taubashina Jibirilu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sanyin Ingila. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Mma tana gaishe ka. Na leƙa Gwaggo mahaifiyarka a Kotobabi, tarin ya sake ta, ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, don a hoton da ka aiko wuyanka kamar na zalɓe. Ka yi haƙuri da rubutuna, karatun manya ne, in ka ga sawun kaza ka bi shi a hankali.

Ka ce in daina yi maka rufa-rufa a kan mutuwar Hudu. Ƙanena ne, amma tare kuka tashi, kana da hakki. To ga shi.

Tun da tsohon sarkin tasha ya rasu, tashar motar Nima ta dare gida biyu, mutanen Issah da mutanen Ɗanbala, kowa yana son kujerar. Hudu yana tuƙa motar Issah. Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, kowa da farar rigarsa. Gardama ta tashi a kan wace mota za ta fara lodi. Ina rumfata ina zuba wa wani shinkafa da wake na ji ƙarar kwalba. Kafin in ajiye ludayi tashar ta kama. Duwatsu, adduna, ƙarfen tayar da mota, har da bencin da fasinja ke zama. Na ga an kwaɗa wa wani dattijo ƙarfe a baki, haƙoransa suka zube a kan rigarsa. Wani ya faɗo cikin rumfata ya kifar da tukunyar miya a ƙafarsa, bai ma ji ba, ya tashi ya koma. Na ga kunnen mutum a ƙasa, Jibirilu, kaza tana tsattsagarsa. Da 'yan sanda suka zo da kulake da barkonon tsohuwa kowa ya ranta a na kare.

Na nemi Hudu ban gan shi ba. Sai wajen la'asar wata mai sayar da kenke, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta zo ta ce mu je ɗan asibitin nan na hanyar Maamobi. Muka tarar da shi a ƙofa, an kwantar da shi yana fuskantar gabas, an sa masa hularsa a ƙarƙashin kai. An farke masa ciki da wuƙa, an fasa masa ƙeya. Ya riga ya cika. Ma'aikaciyar asibitin ta ce wani mutum ne ya kawo shi, ya ajiye, ya buga ƙofa ya gudu. Har yau ba mu san wanda ya kashe shi ba, ba mu san wanda ya kai shi ba.

Mma ba ta yi kuka irin na mutane ba. Abu ɗaya ta riƙe. Bayan kowace sallah sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ka tsare wanda ya ɗauki ɗana, ka rufa masa asiri, kada ka bar shi a hannun mugu." Ta ce ba don shi ba da 'yan sanda sun kwashe Hudu a mota kamar mushe.

Yaya Mas'udu ne abin tsoro. Ya rantse a bakin kabari aska ba za ta taɓa kansa ba sai ya ga jinin wanda ya yi wannan aiki. Yana nan a teburinsa na fawa, yana wasa wuƙa ko babu nama. Ba zan yi maka ƙarya ba, in na ji ƙarar wasin nan sanyi nake ji a raina.

To, mu bar wannan. Ka ce in nemo maka babbar riga ka yi wa Turawa ƙwalisa ranar Babbar Sallah. Na samo, tana hanya. Saƙar gida ce mai nauyi, aikin hannu a wuya da aljihu, an rina ta da baba har tana ƙyalli, warin marina bai ma sake ta ba. A hannun Lamisi na saya, matar Abukari direba, Badagomben nan na bayan gidanmu. Abukari motar Ɗanbala yake ja, Yaya ya hana mu ko gaisawa da su, amma ni da Lamisi famfo ɗaya muke tsaye, kuma ciniki ba ruwansa da faɗan maza. In ta yi maka yawa ka sa filo a ciki.

Taka mai ja maka kunne,
Ƙaltume


Ingila
4 ga Yuni, 1961

Taubashiya Ƙaltume,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, ina fatan ku ma haka. Ki gaishe da Mma, ki sake yi mata ta'aziyya a madadina. Na karanta labarin Hudu a tsaye, na ƙare shi a zaune a ƙasa. Allah ya jiƙansa. Ki ce da Yaya Mas'udu ya bar wa Allah, shi ne ba ya mantuwa.

Riga ta iso, kuma ba ta yi min yawa ba, baƙin ciki ya kashe ki. Na sa ta na je sallar idi, Turawa suna tsayawa a titi suna kallo. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ni ɗan sarki ne, na ce mata jikansa ne. Amma rigar nan ta ba ni dariya, kuma kafin ki gane dalili sai na koya miki karatu kaɗan, ki buɗe kunne.

Kin san aikin safiyo aka turo ni koyo, yadda ake ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama a zana taswira. To akwai wani haske da ido ba ya gani. Ki duba bakan gizo, launinsa na ƙarshe ja ne. A idonmu nan ya ƙare, amma hasken bai ƙare ba, ya ci gaba a bayan jan. Turawa suna ce masa infirared, ni na raɗa masa bayan-ja. Kin san shi ma, ba ki dai san sunansa ba. In gawayinki ya lulluɓe da toka, ba ki ga wuta, amma in kin kai kunci kusa kin ji ta. Dangin wannan ne. Masu duban taurari da shi suke auna zafin wata suna zaune a ɗaki. Amurkawa sun harba wani tauraro da ke shinshina zafin gajimare daga sama, ya gaya musu inda hadari ya nufa.

Mu namu fim ne na musamman da yake ganin wannan haske. A hotonsa ɗanyen ganye fari fat yake fitowa, matacce ya yi duhu, ruwa ya yi baƙi ƙirin. Da shi soja ke gane inda aka yanko reshe aka rufe igwa. Da shi, in Allah ya yarda, zan zana bakin kogin Volta in na dawo, ki daina ce min mai yawon banza.

Ranar Sallah abokin karatuna Jamiu, Bayarabe, yana da ragowar fim ɗin a kyamara, ya ce in tsaya ya ɗauke ni don wasa. Ga hoton nan na sako miki, kada ki nuna wa yara, sai su kasa barci. Fuskata ta yi fari kamar aljani, idanuna ramuka biyu. Rigarki kuwa, shuɗin nan da kike yabo ya gudu gaba ɗaya, ta koma fara kamar ba ta taɓa shiga marina ba. Sai ga hannaye biyu baƙaƙe a ƙirjina, shimfiɗe, kamar wani ya dafa ni. Ɗaya ma bai cika ba, yatsu huɗu ne, ina jin wanki ya ci na biyar.

Na kai wa malaminmu. Ya ce hasken yana ratsa baba kamar yadda iska ke ratsa gidan sauro, amma jini yana shanye shi, ko an wanke. Ya ce wannan jini ne, ba tantama. Na ce masa taubashiyata ce ta aiko min da rigar mahauci. Ashe haka kike ciniki? Ki gaya wa Lamisi asirinta ya tonu, rigar da mijinta ya kayar da rago a ciki ita ta rina ta sayar miki. Ana iya ruɗin idonki, amma bayan-ja ba ya ƙarya, ba ya cin hanci.

Ki ci gaba da sawun kazar, ina ganewa.

Naki,
Jibirilu


Nima
15 ga Yuni, 1961

Jibirilu,

Muna lafiya. Ba ni da bakin doguwar gaisuwa yau.

Kana dariya, ba ka san abin da ka sa a ambulan ba. Ba wanki ne ya ci yatsan nan ba. Bara, bayan tafiyarka, bel ɗin mota ya cinye wa Hudu ƙaramin yatsan hagu. Ni na ɗaure masa hannun da ɗankwalina. Hannun ƙanena ne a ƙirjinka.

Sai komai ya dawo min. Ranar Juma'ar nan na ga Abukari a tasha da farar riga mai aiki a wuya. Tun daga ranar ba ya haɗa ido da mu. In ya hango Mma a lungu sai ya juya. Da na ɗauka tsoron Yaya ne. Kuma wane mai hankali ne zai rina sabuwar farar riga ya sayar da ita araha?

Na tarar da Lamisi a famfo, mata cike. Ban yi mata sallama ba. Na damƙi gashinta na buga kanta da bakin bokiti, na danna fuskarta cikin kwata har ta sha ruwan. Mata suka yi kaina, na ciji ɗaya. Na ɗaga kanta na ce, "Jinin wa kika rina kika sayar min?" Ta fara roƙona da Tonanci, yaren 'yan ƙasar nan, na ce ta yi min Hausa. Bakinta yana jini ta ce, "Walahi Kaltume, ni bai san na wa ba. Ran fada ya shigo gida, riga duka jini, yana kuka. Ya che in je in binne, jinin musulmi ne, ba a kona shi. Ya che in na gaya ma mutum za a kashe mu. Ni na ga riga mai kyau, na wanke, bai fita ba, na kai marina." Na bar ta nan kwance.

Ka ji? Yana kuka. Ya kashe, sannan ya tuna da Allah.

Na san yadda aka yi kamar ina wurin. Ya soka masa wuƙa, Hudu ya dafe cikinsa, sannan ya kama ƙirjin wanda ya soke shi da hannu biyu kafin ya faɗi. Kwana nake ina ganin wannan.

Ba wanda ya tilasta ni, ni da ƙafata na kai wa Yaya Mas'udu hoton a teburinsa. Na karanta masa wasiƙarka. Da na zo inda ka ce hasken ba ya ƙarya, ba ya cin hanci, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sa hoton a aljihu ya ce, "To an samu shaidar da Ɗanbala ba zai saya ba." Ba za mu je wurin 'yan sanda ba, wa zai nuna musu hoton aljani su saurare shi? Mma ba ta sani ba, kuma ba za ta sani ba sai an gama.

Abukari ba ya gari, ya tafi Bawku ɗauko albasa, ruwa ya ɓata hanya. Yaya ya ce zai jira. Kai ne mai ilimin, kai ka ga abin da idonmu bai gani ba. In kana da wata magana ka yi ta yanzu.

Ƙaltume


Nima
2 ga Yuli, 1961

Jibirilu,

Gaisuwa. Gwaggo lafiya, Mma lafiya.

Na je akwatin gidan waya har na gaji, babu komai daga gare ka. Yaya ya ce shiru ma amsa ce, da kana da shakka da ka rubuto. Ni ma haka na ɗauka.

Magana ta fita, ka san famfo ba ya riƙe asiri. Shekaranjiya da rana tsaka yaran Issah suka fasa ɗakin Abukari, suka fito da katifa da akwati suka cinna musu wuta a lungu. Wani ƙanensa ya fito zai hana, suka karya masa hannu a wuri biyu da taɓarya, na ji ƙarar ƙashin daga tsakar gidanmu. Lamisi ta kwashe 'ya'yanta ta gudu unguwar Malam wurin danginta. Mutanen Ɗanbala sun rama a kan wani karen motar Issah, sun tsiyaye masa ido ɗaya. Ɗanbala kansa ya ce ba ruwansa da Abukari, in ya yi kisa ya ji da kansa.

An ce Lamisi ta aika wa mijinta kada ya dawo. An kuma ce ya amsa cewa zai dawo, wai yana da maganar da zai gaya wa Mas'udu baki da baki. Ka ji ƙarfin hali. Gashin Yaya ya kai kunne, yara suna gudu in sun gan shi. Ni kuwa na matsu in ga ranar da zai yi aski.

Ƙaltume


WAYAR TANGARAHO
10 ga Yuli, 1961
Zuwa ga Ƙaltume, gidan Mma, Nima

KADA A TABA ABUKARI. BA SHI YA KASHE BA. GOYA HUDU YA YI. WASIKA TANA TAFE. JIBIRILU


Ingila
10 ga Yuli, 1961

Ƙaltume,

Allah ya sa kuna lafiya, Allah ya sa wayata ta riga komai isowa.

Ba shiru na yi ba. An kai mu aikin awo cikin duwatsu, inda babu gidan waya. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Nan take na ɗauki rigar na tafi ɗakin wanke hoto. Wancan hoton ina sanye da ita aka ɗauka, gaba kawai ya nuna. Yau na rataye ta na ɗauki bayanta.

Ƙaltume, bayan rigar baƙi ne tun daga wuya har ƙugu. Jinin ciki ne, na mutumin da aka manna a baya aka yi tafiya mai nisa da shi. A kafaɗar dama akwai wani tabo zagayayye, inda kai ya kwanta. A gefe biyu na ƙugu akwai shafa, inda cinyoyi suka riƙa gogawa.

Ki karɓo hoton farko wurin Yaya ki sake dubawa. Yatsun ƙasa suke kallo. Wanda ya kama ƙirjin abokin faɗansa, yatsunsa sama za su kalla. Waɗannan hannaye ta kan kafaɗa suka sauko, daga baya. Kin goya yara, kin fi ni sanin inda hannun goyo yake sauka. Kuma mai yatsu huɗun yana hagun mai rigar, a kan aljihu, hagu a kan hagu. Wuri ɗaya suke fuskanta su biyun.

Abukari ne mutumin da Mma take yi wa addu'a. Ki yi tunani, direban Ɗanbala ya goya yaron Issah a tsakiyar faɗa. In mutanensa sun ji, maci amana ne. In naku sun gan shi da jinin, mai kisa ne. Wa zai gaya wa?

Na ce miki hasken ba ya ƙarya, ina taƙama. Bai yi ƙarya ba, ni ne na nuna masa rabin riga na yi ta surutu. Ki je wurin Yaya da gudu. In ya ƙi ji, ki gaya wa Mma, ita kaɗai zai ji wa kunya. Ki nemi gafarar Lamisi. Don Allah ki rubuto da wuri, ba na iya cin abinci.

Jibirilu


Nima
23 ga Yuli, 1961

Ɗan'uwana Jibirilu,

Ina gaishe ka. Da rai dai muke.

Wayarka ta iso da wuri, ka cire wannan daga ranka. Ran Talata masinja ya kawo ta gida, ina rumfa, Mma ta karɓa. Ka san yadda ake ɗaukar waya a nan Zongo, ba ta zuwa sai da mutuwa. Mma ta ga daga Ingila ce, ta ce shi ke nan, Jibirilu ya tafi. Ta ce ba za a fasa wa Gwaggo irin wannan labari a tsaye ba, sai an tara manya yadda aka saba. Ta cusa takardar a ƙarƙashin buzunta, ba ta gaya min ba. Ta aika Kotobabi, ta aika a kira liman, shi kuma ya yi tafiya. Sai ran Alhamis da hantsi aka taru. Aka kira ni daga rumfa, na tarar da tsakar gida cike, an zaunar da Gwaggo a tsakiya, mata biyu sun riƙe ta. Aka miƙo min in karanta.

Na karanta da ƙarfi. Gwaggo ta ce alhamdulillahi, yana da rai. Mma ta ce, "Wa ya goya wa?" A daidai lokacin na ji ihu daga wajen tasha.

Na fita ba mayafi ba takalmi. Ashe Abukari ya shigo gari da safen ranar. Ko albasar bai sauke ba, ya taho da ƙafa har teburin Yaya, hannuwansa a buɗe don a ga ba ya riƙe da komai. Waɗanda suka gani sun ce ya ce, "Mas'udu, tsaya ka ji." Yaya bai tsaya ba. Saran farko a hannun da ya ɗaga ya sauka, ya raba tafin biyu. Na biyu a wuya da kafaɗa. Da ya faɗi Yaya ya durƙusa ya farke masa ciki, daidai inda aka farke wa Hudu. Na iso ina ɗaga takarda ina ihu, Yaya ya juyo, jini har gashinsa, ya ce, "Ƙaltume, kira min wanzami." Na karanta masa wayar a nan, a gaban mutane. Ya ce in maimaita. Wannan karon ma na maimaita. Wuƙar ta faɗi daga hannunsa, ya zauna a cikin jinin, a nan 'yan sanda suka same shi.

Abukari yana numfashi. Na roƙi masu tasi, kowa ya ja motarsa. Maza sun yi da'ira suna kallo, na Issah da na Ɗanbala, ba wanda ya matso. Na saba da buhun shinkafa. Na kwance zanena na sama, na ce da mai kenke ta taya ni, ta ɗora min shi a baya, na ɗaure shi kamar jariri, na kama hanyar Maamobi.

Hannuwansa suka sauko ta kafaɗuna suka kwanta a ƙirjina. Kansa a kafaɗata ta dama. Ina jin ɗumin jininsa yana bin bayana har ƙugu. Duk abin da ka rubuto a wasiƙarka, kafin ta iso na riga na karanta shi a jikina.

Ya yi magana a kunnena. Ya ce, "Hanya nan na sani. Wurin gada akwai rami, ki bi hagu." Na bi hagu. Na ce ya yafe min. Ya ce, "Hudu ya ba ni sako. Ya che a gaya ma Mma ya samu sallan Juma'a, bai makara ba. Kullum ina so in fada, ina tsoro." Na tambaye shi wa ya soki Hudu, ya ce bai gani ba, a ƙasa ya same shi ana tattaka shi. Wajen masu gawayi na ji ya ƙara nauyi. Na ci gaba da tafiya duk da haka. Na kwantar da shi a ƙofar asibitin nan, na juya shi gabas. Ba shi da hula, na sa masa ɗankwalina a ƙarƙashin kai.

An yi wa Yaya aski a gidan yari. Na je Malam wurin Lamisi, ta rufe ƙofa, na durƙusa a waje har rana ta juya, ba ta buɗe ba, kuma ban ga laifinta ba. Tabon bokitin yana goshinta, 'ya'yanta uku suna leƙena ta taga. Zan koma.

Na isar wa Mma da saƙon Hudu. Ta ce, "Madalla, ya samu sallah." Da magariba ta sallame ta ɗaga hannu, bakinta ya kama abin da ya saba. "Allah ka tsare wanda ya ɗauki ɗana, ka rufa masa asiri, kada ka bar shi a hannun…" A nan ta tsaya. Hannuwanta suna sama, na jira, na jira, ba ta ƙarasa ba. Tun ranar haka take yi, sau biyar a yini, a wuri ɗaya take tsayawa.

Kada ka ɗora wa kanka, kai wasa ka yi da taubashiyarka. Ni na kai hoton teburin fawa.

Ka aiko da rigar. Abukari ya ce a binne ta tun farko, za a cika masa maganarsa. Tawa ma tana nan, farar rigar da na sa ranar, ban wanke ta ba, ba kuma zan kai ta marina ba. Tare zan binne su. Akwai hannaye biyu a ƙirjinta, yatsun suna kallon ƙasa. Ba sai ka kawo kyamararka ba, wannan duk Nima ta gani da idonta.

Wassalam,
Ƙaltume